Neman Mai Jin Yaren Baba Ƙadiru

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a bakin shagon ɗinkina a tambaye ni, a ajinmu na yaƙi da jahilci kuwa har darasi ake tsayarwa. Wani yana so ya ji labarin dalar Fir'auna, wani kogin Nilu, wani kuma so yake ya san ko gaskiya ne Larabawa ba su san tuwo ba. Malaminmu ya ce tunda hannuna ya fara faɗawa da rubutu, in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta. To ga shi. Amma in faɗa muku tun yanzu, ban je dala ba. Jinya ce ta kai ni Alƙahira, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai a can wani tsoho ne Ba'indiye.

Yayana Sale ne ba shi da lafiya. Ƙashin bayansa ya daɗe yana damunsa, har tsayuwar salla ta gagare shi, likita ya ce sai an yi aiki. Da aka zo maganar wanda zai raka shi, kowa ya dube ni, wai a gidanmu ni ne ba na gajiya da zama wuri ɗaya.

Daga Funtuwa muka bi ta Malumfashi da Gwarzo zuwa Kano. Mun shimfiɗa wa Yaya katifa a bayan mota, duk ramin da muka faɗa sai ya yi salati, sannan ya tambayi direba ko a gona ya koyi tuƙi. Jirgi kuwa ranar na fara shigarsa. Da ya ɗaga sama na riƙe hannun kujera da ƙarfi, Yaya ya kalle ni ya ce, "Habu, wai kai ne mai jinyar ko ni?"

A filin jirgin Alƙahira kayan miya ne suka tsayar da mu. Matata Hajara ta ɗaure mana kuka da busasshiyar kuɓewa da tsamiya da garin kunu, ta kuma cika wani gwangwani da daddawa. Ma'aikacin da ke duba kaya ya ɗaga kuka yana juyawa, ya kira abokinsa, suka yi ta shawara. Ni ba Larabci, sai na riƙa nuna bakina da cikina. Can ya buɗe gwangwanin daddawa ya kai hancinsa. Bai ƙara duba komai ba. Ya rufe da sauri, ya kaɗa mana hannu yana cewa, "Yalla, yalla!" Kalmar da na fara koya ke nan a Masar, wato mu yi gaba.

Mai masaukinmu Alhaji Idi ne, mutumin Maraɗi, wanda ya daɗe a Alƙahira yana saye da sayarwa, yana kuma ba masu jinya hayar ɗaki a unguwar Hayyu Sabi. Hausarsa garau take, sai dai ya cika ta da Larabci. In ka yi kuskure ya ce "ma'alish", ba komai. In magana ta ƙare ya ce "khalas". Ɗakinmu yana can sama a wani dogon bene, kuma lifta ta lalace tun kafin mu zo, don haka ni da mai gadi muka hau da Yaya a kan kujerar roba, yana ta ba mu umarni.

Mutanen Masar suna da kirki, amma sai ka saba da su. Hirarsu kamar faɗa take. Ranar farko na ga mutum biyu suna ɗaga wa juna murya a bakin shago, na matsa zan raba, sai na ga sun rungume juna. Gaisuwarsu kuma gajera ce. Kafin ka tambayi mutum gajiya da iyali da sanyi, ya riga ya tsallake titi. Mata ba sa saukowa cefane, kwando suke zurowa da igiya ta taga, mai shago ya zuba musu kaya su ja. Abincin safe wake ne dafaffe da gurasa, da rana kuma wani haɗi da suke kira koshari, shinkafa da taliya da ƙananan wake duk a kwano ɗaya. Yana ƙosarwa, amma bayan mako guda sai na fara mafarkin tuwon dawa. In na kira Hajara bayan magariba, mukan gama magana in ce kada ta kashe wayar tukuna. Sai ta ajiye ta a tsakar gida, in riƙa jin kukan awaki da ƙarar taɓarya daga gidan maƙwabta.

An yi wa Yaya aiki lafiya, aka kai shi ɗaki mai gado biyu. A gadon gefen taga akwai wani tsoho siriri, baƙi kamar mu, mai farin gemu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya ɗan karkace. A jikin gadon an rubuta sunansa da baƙaƙen Larabci, na haɗa su na karanta: Abdulƙadir. Muka sa masa Baba Ƙadiru. Alhaji Idi ya tambayi nas, ta ce Ba'indiye ne, kuku ne a jirgin ruwa. Ciwon ya kama shi a teku, aka sauke shi aka kawo shi nan. Da yana jin Turanci, amma ciwon ya tafi da shi, sai yaren uwarsa kawai ya rage a bakinsa. Wakilin kamfanin jirgin yakan leƙo jefi-jefi, ya ce ɗan tsohon yana neman biza. Sau ɗaya ya haɗa shi da gida ta waya, tsohon ya ji muryar matarsa sai kuka ya hana shi magana.

Da na ji an ce Ba'indiye, sai na gyara zama. Ni a ƙuruciyata babu fim ɗin Indiya da ya zo silimar garinmu ban gani ba. Abokaina har fassara nake yi musu. Na ce wa Yaya, "Allah ne ya kawo mu ɗakin nan. Bari ka ga."

Na matsa kusa da tsohon na gaishe shi da Indiyanci, na tambaye shi lafiya, na ce ni abokinsa ne. Na kwaso duk abin da na sani na zuba. Ya zuba mini ido kawai. Da na gama sai ya ce wani abu, kalmomi masu mirginawa a harshe, ko ɗaya ban taɓa ji ba.

Yaya ya yi dariya har ɗinkinsa ya yi masa zafi. "Me ya ce, tafinta?"

"Ciwon ne ya karya masa harshe," na ce.

"A'a, faɗi gaskiya. Duk shekarun da ka ɓata a silima, ashe rawa kawai kake kallo."

Abin da ya haɗa mu da Baba Ƙadiru salla ce. In aka kira, sai in kawo masa dutsen taimama, in juya shi ya fuskanci gabas. Fatiha tana nan a bakinsa ba ta tafi ba. Bayan wannan sai in zauna tsakanin gadajen biyu in yi ta hira da Hausa, rabi da Yaya rabi da shi.

Damuwar ita ce ba ya cin abinci. Haɗiya tana ba shi wahala, kuma duk abin da aka kawo, miyar kaza ce ko kindirmo ko dankali da aka dama, sai ya shinshina ya juya fuska bango. Kullum ƙara ramewa yake, har zoben da ke hannunsa ya fara zamewa. Wata safiya likita ya yi doguwar magana da nas, Alhaji Idi ya fassara mini: in mako ya ƙare bai fara ci ba, za a zura masa roba ta hanci. Nas ta kawo robar ta nuna masa don ya gane. Ya gane kuwa. Ya sa hannunsa mai lafiya ya rufe hancinsa, ya daɗe bai cire ba.

Washegari na dama wa Yaya kunun tsamiya a masauki na kawo a fulas. Ina zubawa a kofi sai na ga Baba Ƙadiru ya ɗago kai yana kallo. Na zuba masa kaɗan na kai bakinsa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ture kofin. Sai ya kama hannuna ya fara magana. Bai taɓa yin doguwa irin wannan ba. Yana yi yana lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, yana nuna ƙasa, yana nuna sama, hawaye na bin gemunsa. Ya gama ya sake farowa daga farko.

Yaya ya daina zolaya. Ya ce a hankali, "Habu, wasiyya mutumin nan yake yi. 'Ya'yansa yake lissafawa. Kada ka bari ta faɗi ƙasa."

Na ciro wayata na naɗi muryarsa tun daga farko har ƙarshe.

Alhaji Idi ya ce a ƙaramin masallacin unguwarsu akwai wani Ba'indiye mai jan salla, Malam Nadim, ya zo karatu ya zauna. Bayan azahar muka tare shi, na kunna masa. Ya kara wayar a kunne, ya saurara, ya girgiza kai. Ya yi wa Alhaji bayani da Larabci, Alhaji yana juya mini.

"Ya ce ko kalma ɗaya bai kama ba. Shi ɗan arewacin Indiya ne, Urdu yake yi. Wannan kuwa maganar mutanen kudu ce."

Na ce, "To ba duk Indiyanci ba ne?"

Malam Nadim ya yi murmushi da aka faɗa masa. Ya ce babu wani yare guda da ake kira Indiyanci. Harsunan da tsarin mulkin ƙasarsu ya lissafa ya amince da su ashirin da biyu ne, ban da ɗimbin waɗanda ba a lissafa ba. Da yawansu kowanne da irin rubutunsa, da jaridunsa, da makarantunsa, har da finafinansa. Wanda muke ji a silima, Hindi, ɗaya ne kawai a ciki. Ya ce shi kansa in ya haɗu da ɗan kudu a nan Alƙahira, da Larabci suke gaisawa.

Kunya ta kama ni. Ni da na san a ƙasarmu ba za ka kawo wa Babarbare Bayarabe ka ce ga ɗan'uwanka ku yi hira ba, ban taɓa kawo wa Indiya haka ba. A raina duk mutanen ƙasar bakinsu ɗaya.

Malam Nadim ya ce a kudu manyan yaruka huɗu ne, kuma bakin tsohon ya karkace, ba zai iya cewa ga wanda yake yi ba. Mu je Darrasa, tsohuwar unguwar da ke gefen babban masallaci, can ɗaliban kowace ƙasa suke.

Alhaji Idi ya ce gwiwarsa tana ciwo, kuma yana da kayan da zai aika Maraɗi. Na tsaya a gabansa na ƙi tafiya. Ya ce, "Kai dai akwai naci. Khalas, mu je."

Ƙaramar bas muka shiga, irin wadda ba ta gama tsayawa ake hawa. A ciki fasinja ne ke miƙa wa na gabansa kuɗin mota har ya kai ga direba, babu kwandasta. Ni ban sani ba, na baya ya miƙo mini nasa, na yi godiya na riƙe. Sai da mota ta ɗauki hayaniya Alhaji ya fizge ya miƙa gaba yana ta ba da haƙuri. Da suka gane baƙo ne sai dariya, wata tsohuwa har ta ba ni lemo.

Darrasa lunguna ne matsattsu, shagunan littattafai a jere, ga masu shayi ga masu turare. Duk wanda muka gani da kamar Ba'indiye sai mu yi masa sallama in kunna waya. Na farko ya ce shi ɗan Indunusiya ne. Na biyu, wani mai shan shayi, ya ce Bangali yake yi, ya ba mu kujera ya saya mana shayi don kada mu tafi haka. Shayinsu a kofin gilashi yake, ba madara, sukari kamar zuma. Shi ya nuna mana shagon wani mai ɗinke littattafai, ya ce ɗan kudu ne.

Mai ɗinkin littattafai ya saurara sau biyu. Ya ce shi Tamil yake yi, wannan kuwa yaren maƙwabtansu ne, Malayalam, na mutanen Kerala. Yana tsintar kalma nan da can, ya ji kamar an ambaci ruwa, amma ba zai ɗauki nauyin fassara wasiyya ba. Ya rufe shagonsa ya raka mu wani tsohon gida, muka hau bene mai duhu, Alhaji yana tsayawa a kowane hawa yana ambaton gwiwarsa da sunana.

Wanda ya buɗe ƙofa magidanci ne ɗaure da zane a ƙugu, sunansa Ustaz Bashir, yana karatun fiƙihu, yana zaune da iyalinsa. Muka zauna a tabarma. Alhaji ya yi bayani, ya ce amana ce muka kawo, wasiyyar mara lafiya. Ustaz Bashir ya nutsu, ya yi bisimilla, na kunna.

Bai yi nisa ba na ga kafaɗarsa tana rawa. Na ɗauka kuka ne. Ashe dariya yake dannewa. Ya kira matarsa ta tsaya a bayan labule, ya sake kunna mata, ita ma muka ji ta tuntsire.

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce, "Alhaji, tambaye shi abin dariya a maganar mai mutuwa."

Alhaji ya tambaya, ya saurara, sai shi ma ya dafe kai. "Malam Habu, ba wasiyya ba ce. Girki yake koya maka."

Ashe da tsohon ya ga kununa, sai ya tuna da nasu. Su ma suna da abincin mara lafiya, sunansa kanji. Shinkafa ce ake dafawa da ruwa mai yawa har ta narke, a sa ɗan gishiri, a sha da ruwanta. Yatsun da yake lanƙwasawa ba 'ya'ya ba ne, matakan dahuwa ne: a wanke ta, a zuba ruwa ya sha kanta sosai, a rage wuta, kada a tace. A ƙarshe yana cewa, kai mai kunu, kai ne za ka gane, ka taimake ni.

Ustaz Bashir ya daina dariya da ya zo wannan wurin. Ya ce a garinsu ko jariri ya san in ciwo ya kwantar da mutum kanji ake ba shi, uwarsa ko matarsa ce ke damawa. Matarsa daga bayan labule ta ce wani abu, muka ji ƙarar tukunya.

Da la'asar muka isa asibiti mu uku da fulas ɗin kanji. Nas ta buɗe ta duba, ta tambayi likita, aka ce a ba shi a hankali. Baba Ƙadiru yana kwance fuskarsa a bango. Ustaz Bashir ya tsaya a bakin gado ya yi sallama, sannan ya ƙara wasu kalmomi da yarensu.

Tsohon bai juyo nan da nan ba. Sai da aka maimaita. Da ya juyo, ya dubi Ustaz Bashir, ya dube ni, bakinsa yana motsi babu sauti. Sannan maganar ta ɓalle. Ya yi ta yi, Ustaz yana amsawa, daga baya muka ji garinsu ya tambaye shi, ashe ma ba su da nisa da juna. Ba wanda ya fassara mana, mu ma ba mu nema ba. Yaya ya ja bargo ya rufe fuskarsa, wai fanka ta dame shi.

Ni na riƙe kwanon, ni na ba shi cokalin farko. Ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar. Sai ya ɗaga yatsa ya ce wani abu da kakkausar murya. Ustaz ya faɗa wa Alhaji, Alhaji ya faɗa mini.

"Wai shinkafar ba irin tasu ba ce, kuma gishiri ya yi yawa. A faɗa wa mai girkin."

Ya buɗe baki ya karɓi na biyu. Bai tsaya ba sai da cokali ya fara kankarar kwano.

Ba a sa masa robar ba. Mutanen Kerala da ke Darrasa suka raba kwanaki a tsakaninsu, kullum da mai kawo kanji da mai zama hira. In sun zo sai in matsa musu in koma gefen Yaya. Ina murna, amma ba zan ɓoye ba, wani lokacin in na ji suna dariya da yarensu sai in ji kewar gida ta taso mini, in fita baranda in tsaya.

An sallami Yaya kafin ɗan Baba Ƙadiru ya iso. Ranar da za mu tafi da sassafe ne, babu Ustaz Bashir, babu kowa daga mutanensa, Alhaji Idi kuma yana ƙasa yana rigima da mai tasi. Na je bakin gadon na ce masa da Hausa za mu koma gida. Na ce Allah ya ba shi lafiya, ya mai da shi ga matarsa, shi kuma ya yafe mini in na saɓa masa. Ya ga jaka a kafaɗata, ya gane.

Ya kama hannuna ya yi magana mai tsawo, a hankali, yana kallon idona. Wannan karon bai lanƙwasa yatsa ba. Wayata tana aljihu, na tuna da ita, amma hannun da zan ciro ta da shi ne yake riƙe da shi, ban kuma so in zare ba. Duk inda ya numfasa sai in ce amin.

Har yau ban san abin da ya faɗa mini ba.